Shekara nawa bawul ɗin amfilifayar hedifon yake yi, kuma yana lalacewa a ajiye?

Wani ɗan'uwa ne ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi amfilifayar hedifon ta hannu, mai bawul biyu, wato kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti, ƙaramin 6SN7 a gaba da babban 6080 a baya. Yau wata goma sha takwas ke nan tana wurinsa, yana sauraro kamar awa uku kowane dare. Kwanan nan kunnen hagu ya fara ɗan ƙaras-ƙaras. An ce masa bawul duk shekara ake canza shi, an kuma ce masana'antun da ke ƙera shi sun kusa ƙarewa. Shi ya sa yake son sayen saiti goma ya ajiye, amma yana tsoron kada su lalace a cikin kwali.

Malam, ka dakata da fitar da kuɗin nan tukuna. Bawul ba ruwansa da kalanda, awoyin da ya yi a kunne su ne shekarunsa. Awa uku a dare har wata goma sha takwas bai kai awa 1,700 ba. Ƙaramin bawul irin 6SN7 ko 12AU7 ko 6922, idan ba a matsa masa ba, abin da ake sa rai shi ne awa 5,000 zuwa 10,000, kuma da yawa suna wuce haka. Da irin sauraronka, wannan shekara huɗu da rabi ne zuwa tara. Manyan da ke ɗaukar nauyin fitar da sauti sun fi saurin gajiya. A amfilifayar sifika ko ta jita akan lissafa musu awa dubu biyu zuwa uku, amma a ta hedifon sau da yawa ba a wahalar da su haka, sai su daɗe fiye da nan. Maganar canji duk shekara daga wurin makaɗan jita ta fito, masu ɗaukar kaya a mota daga wannan biki zuwa wancan suna ƙure murya. Abu ɗaya da ba ka da lissafinsa shi ne awoyin da mai ita na farko ya ci kafin ta zo hannunka.

Ka san abin da ke ƙarewa a ciki, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. A tsakiyar kwalbar akwai ɗan siririn bututun nikel da ake kira katod, an shafe shi da farin gari na sinadaran bariyom da sitironshiyom. A cikin bututun akwai zaren hita, shi ne jan da kake gani da dare. Idan katod ya yi zafi, wajen digiri 800, sai ilektaron su riƙa tashi daga wannan shafen suna tsallaka fili zuwa farantin ƙarfen da ke kewaye, ragar waya da ke tsakani kuma tana rage su tana ƙara su daidai da kiɗan da ya shigo. Shafen nan shi ne jarin bawul. Kowace awa ana ɗan ci daga ciki, ba a mayarwa. Don haka mutuwar bawul ba irin ta ƙwan fitila ba ce da zai yi fat ya ɗauke. Ta fi kama da fitilar aci-bal-bal da mai ke ja baya: haske na nan, sai dai yana dusashewa a hankali har ka saba da shi ba ka lura ba. Ganin hita tana ja ba shaida ba ce cewa bawul na da lafiya. Na sha cire wanda yake ja sosai amma a na'urar gwaji allura ko motsin kirki ba ta yi.

Iyakar abin da bawul zai iya an gan shi a ƙarƙashin teku. Wayar tarho ta farko da aka shimfiɗa a Tekun Atalantika, TAT-1, tsakanin Sikotland da Niyufawunlan, ta fara aiki a 1956, kuma na'urorin ƙara ƙarfin murya da ke kwance tare da ita a ƙasan ruwa duk bawul ne na Western Electric. Har aka daina amfani da ita a 1978 babu ɗaya da ya mutu. Shekara 22 dare da rana. An zaɓe su zaɓen tsanaki, an ba su wuta ƙasa da abin da za su iya ɗauka, wuri mai sanyi, wuta mai daidaito, ba mai taɓa su. Naka ba zai samu wannan gata ba, amma duk abin da ya raya waɗancan shi ne zai ƙara wa naka kwana.

Na farko wutar hita, kuma nan ne mu muke shan kashi. Lambar 6 da ke farkon sunan 6SN7 da 6080 tana nufin hitarsu bolt 6.3 take so, kuma masu ƙerawa ba sa son a kauce da fiye da kashi biyar zuwa goma cikin ɗari. A yawancin amfilifayoyin nan wutar hita kai tsaye take fitowa daga taransifoma, babu abin da ke daidaita ta. Idan an naɗa taransifomar don bolt 220, kamar yawancin kayan da ake yi wa kasuwar Sin, soket ɗin bangonka kuma yana ba da 240, to hita tana shan kusan 6.9 ke nan. Kunne ba zai ji bambanci ba, amma katod yana ƙonewa da sauri. Ƙarancin wuta ma ba alheri ba ne, domin katod da bai yi zafi sosai ba ana kuma jan ilektaron daga jikinsa yana lalacewa ta wata hanyar. Ka juya bayan na'urar ka karanta abin da aka rubuta, ka sa mita a bango da rana da kuma tsakar dare ka ga abin da kake samu. In yana yawo, sitabilaiza mai kyau ta fi maka saitin bawul goma amfani. Idan an ɗauke wuta, ka kashe makunnin amfilifayar nan take, domin dawowar wuta da ƙarfi, ko ta ɗauke ta dawo cikin daƙiƙa biyu alhali bawul na da zafi, yana cikin abin da ke kashe su da kuma kafasitocin da ke bayansu, wato 'yan na'urorin da ke tara wuta a cikin amfilifayar. Haka lokacin juyawa zuwa janareto: a bar shi ya daidaita tukuna. Wanda kuma ya yi odar na'ura daga Amurka, ya tabbata ba ta bolt 120 ba ce kafin ya cusa ta a bango.

Na biyu zafi. Hitar 6080 kaɗai amfiya 2.5 take ja, kusan wat 16, ban da zafin farantan. Mai taɓa kwalbarsa bayan awa ɗaya zai tuna da ni. Kada a sa na'urar cikin kabad ko a ƙarƙashin kanta mai matsewa, a bar mata aƙalla taƙi guda a sama. A watannin bazara, ɗan fanka da ke kaɗa iska ta gefenta ba ƙaramin taimako ba ne. Ƙurar hunturu kuma idan ta kwanta a kan kwalba da ramukan iska, sai a share da busasshen ƙyalle bayan ta huce.

Sai tsohuwar gardamar nan: a bar ta a kunne ko a riƙa kashewa? Masu cewa a bari suna da hujja. Zaren hita idan ya yi sanyi yana fizgar wuta mai yawa a daƙiƙar farko, kuma miƙewa da tsukewar ƙarfe na gajiyar da shi. Kwamfutar ENIAC ta shekarun 1940 tana da bawul fiye da 17,000, kuma masu kula da ita sun lura yawancin mutuwar a lokacin ɗumama da hucewa take faruwa, sai suka daina kashe ta. Amma su da bawul dubbai suke fama, kai biyu gare ka. Shekara ɗaya a kunne awa 8,760 ce, wato ka cinye rayuwar ƙaramin bawul don sauraron awa dubu. Abin da nake yi: in zan tashi salla ko cin abinci in dawo, ina barinta. In zan wuce awa ɗaya ko biyu, ko zan bar gidan, ko barci zan yi, sai na kashe. Abu mai zafi haka ba a barinsa ba kowa a ɗaki.

Yanzu ƙaras-ƙaras ɗin kunnen hagu. A cikin goma da ake kawo mini da wannan kuka, mafi yawa ba tsufan bawul ba ne. Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Nisanta wayar salula da na'urar waifai daga teburin, domin bawul a tsirara yake, yana kwasar siginarsu. Murɗa maɓallin ƙara ka saurara: in ƙarar tana zuwa ne lokacin murɗawa, datti ne a cikin maɓallin. Zare wayar da ke kawo sauti ka ji ko ƙarar na nan. In tana nan, kashe, zare daga bango, jira minti goma sha biyar, ka ciro bawul ɗin ka dubi ƙafafunsa a haske. Kwanakin baya wani ya kawo mini tasa yana rantsuwa babban bawul ya mutu, har ya yi odar sabo. Da na ciro ƙaramin, ƙafafu biyu sun yi baƙi-baƙi da ɗan kore a gindi, irin na tsabar kuɗin da ta kwana a ƙasa. Auduga da sifirit na goge su da shi, na bar su suka bushe, na cusa na zare sau uku don soket ɗin ma ya goge kansa. Shiru kake ji. Kada ka kankare da wuƙa ko takardar yashi mai kaushi, musamman masu ruwan zinare a ƙafa.

In duk wannan bai yi ba, sai a nemo mai laifi. A na'urorin da kowane kunne ke da bawul nasa, irin Little Dot MK III, abin da sauƙi: ka musanya na hagu da na dama, in ƙarar ta bi bawul zuwa ɗaya kunnen ka kama ɓarawo, in ta tsaya inda take to matsalar a cikin na'urar take. Taka ba haka take ba. 6SN7 da 6080 kowanne tagwaye ne a kwalba ɗaya, rabi na hagu rabi na dama, don haka babu abin musanyawa sai kana da na ajiya. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa nake cewa kowa ya mallaki saiti ɗaya na gefe wanda ya tabbatar da lafiyarsa. Ka canza ɗaya kawai, ka saurara, sannan ɗayan. Ka fara da ƙaramin, shi ne ke gaba, duk hayaniyar da ya yi a kunnenka za ta ƙare.

Akwai alamun da ba a jayayya da su. Dubi tabon nan mai sheƙi kamar madubi a saman kwalbar ko a gefenta. Bariyom ne aka fesa da gangan don ya shanye ragowar iskar da ke ciki. Muddin yana azurfa ko baƙi-baƙi, kwalbar a rufe take. Ranar da ka gan shi ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, wannan ya gama, kada ma ka kunna shi. Idan farantin ƙarfen da kansa ya yi ja kamar garwashi, ba zaren hita ba, kashe nan take, kuma kada ka sa sabo sai an duba na'urar, don wataƙila ita ce ke kashe su. Tartsatsi a ciki, ko haske ruwan hoda ko shunayya a tsakanin ƙarafan, alamar gas ce, a cire. Amma shuɗin haske mai laushi da ke kwance a jikin gilashin ba komai ba ne, haka ma walƙiyar da wasu ƙananan bawul na Turai ke yi a gindi daƙiƙar da aka kunna. Sai wanda ya zama kamar makirufo: ka ɗan taɓa teburin ka ji ƙararrawa a kunne. Kowane bawul yana da ɗan wannan hali, sai ya yi yawa ake canzawa. Gurnani mai kauri da ya bayyana bayan da babu shi yakan nuna rufin da ke tsakanin hita da katod ya fara yoyo. Tsufa na gaskiya kuwa shiru yake zuwa: sautin ganga ya yi laushi, siririn sauti ya dushe, kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kana ƙara murɗa maɓalli fiye da da. Hanyar ganewa ita ce ka sa na ajiyar bayan kowace shekara ka saurari waƙar da ka haddace. In ba ka ji bambanci ba, mayar da tsohon ya ci gaba da aikinsa.

Batun ajiya kuwa, hankalinka ya kwanta. Bawul da ba a kunna ba ba ya cin jarinsa. Gilashi ne da ƙarfe da fili babu iska. Waɗanda aka ƙera wa sojan Amurka a shekarun 1940 da 1950, masu tambarin JAN, har yau ana buɗe kwalinsu su yi aiki kamar jiya aka yi su. Abokan gabansa a ajiye uku ne: faɗuwa, laima da gara. Laimar damina tana sa ƙafafu tsatsa, tsatsar kuma in ta ci har inda ƙafa ta ratsa gilashi tana iya buɗe wa iska hanya. Tana kuma sassauta gam ɗin da ya riƙe baƙin gindin manyan bawul. Gara da kyankyaso su kuma kwalin suke ci, su bar maka kwalabe suna karo da juna. Ni a robar abinci mai murfi nake zuba nawa, kowanne a kwalinsa ko a naɗe da takarda, da 'yan ƙunshin sinadarin shanye laima irin wanda ake samu a kwalin takalmi, a cikin durowar da yara ba sa kaiwa. Tsaye ko kwance duk ɗaya ne in ba a kunne yake ba. Taɓa gilashin da hannu ba ya cutar da shi, wannan dokar ƙwan fitilar halojin ce. Abin da yatsa ke ɓatawa shi ne rubutun jiki, wanda a tsofaffin bawul na kamfanonin Telefunken da Mullard kamar alli yake, shafa ɗaya ya tafi, darajar kuɗin ta bi shi.

Kuskuren da aka fi yi a ajiya shi ne a sayo a jefa a durowa ba a gwada ba. Bayan shekara uku a buɗe a tarar yana hayaniya, mai sayarwa kuwa ya daɗe da mantawa da kai. Duk wanda ya iso, sa shi a na'ura ya yi awa ashirin ko talatin, ka tabbatar, ka rubuta kwanan wata a kwalin, sannan ka ajiye.

Saiti goma fa? Tsoron yana da tushe. Masana'antun da suka rage ba su da yawa: JJ Electronic a Sulobakiya, masana'antar Saratov a Rasha wadda ke fitar da Electro-Harmonix da Sovtek da sababbin Tung-Sol da Mullard, wasu a Sin irin su Psvane, da Western Electric da ta koma yin bawul mai lamba 300B a jihar Jojiya ta Amurka. Babbar masana'antar Shuguang ta Sin ta tsaya a 2019, sannan a Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, labarin hana fitar da kaya daga Rasha ya sa mutane suka yi wawaso, farashi ya tashi. Amma kaya sun dawo kasuwa. 6SN7 ana kan ƙera shi a wuri fiye da ɗaya, 6080 da ɗan'uwansa 6AS7G kuma an yi su da yawan gaske a zamaninsu, ga na Rasha mai lamba 6N13S. Da lissafin awoyinka, ƙarami biyu da babba biyu za su kai ka shekaru masu yawa. Saiti goma jari ne da ka binne.

Wajen saye, kalmar NOS da za ka riƙa gani tana nufin tsohon kaya da ba a taɓa amfani da shi ba, amma kowa na iya rubuta ta. Sunan da ke jikin gilashi ma ba ya gaya maka wanda ya ƙera, domin tun a wancan zamani kamfanoni na sayen na juna su buga tambarinsu, yanzu kuma ga masu buga na jabu. Mullard na yau sunan ne kawai, ba shi ne na masana'antar Blackburn ta Ingila ba, ko da yake wannan ba ya nufin ba shi da kyau. Ka nemi mai sayarwa da zai gaya maka da wace na'ura ya gwada, lambar da kowane rabi ya bayar, da kuma lambar da sabo ya kamata ya bayar a wannan na'urar. "An gwada, yana da kyau" ba bayani ba ne. A na'urarka abin nema shi ne rabi biyun da ke cikin kwalba ɗaya su yi kusa da juna, ba sai ka biya kuɗin tagwayen kwalabe ba. Kuma na'urar gwaji ba ta jin hayaniyar da hedifon zai ji, don haka sharaɗin mayarwa ya fi kowace lamba muhimmanci.

Shigar ƙafa a soket ba izini ba ne. 6SL7 zai zauna daram a mazaunin 6SN7, amma ƙarfin haɓakarsa 70 ne maimakon 20. 12SN7 hitarsa bolt 12.6 take so. 6336 yana kama da 6080 amma hitarsa na jan kusan ninki biyu, taransifoma za ta gasu. A masu ƙafa tara ma haka: 6N2P na Rasha ana kiransa ɗan'uwan 12AX7, alhali haɗin hitarsu ya bambanta. Abin da littafin na'urar ya lissafa, tsaya a kansa.

Wajen canjin kansa, kashe, zare daga bango, bar shi ya huce. Masu ƙafa takwas irin naka biyun nan a gindin ake kama su, ba a gilashi ba, in ba haka ba wata rana kwalbar za ta biyo hannunka ta bar gindin a soket. Ja sama kana ɗan jujjuyawa kaɗan-kaɗan. A tsakiyar ƙafafun akwai sanda mai ɗan tudu, ka daidaita shi da tsagin soket kafin ka danna. In sandar ta karye, ka ƙirga ƙafafu da kyau, don cusa shi a karkace na iya ƙona abubuwa. Kada ka buɗe ƙasan na'urar: akwai bolt ɗari da wani abu zuwa ɗari uku a ciki, kafasitoci kuma na riƙe wuta bayan an kashe. Yawancin amfilifayoyin hedifon suna daidaita kansu da sabon bawul, in taka tana buƙatar saiti littafinta zai faɗa.

Kunnawar farko kada hedifon ɗinka mai tsada ya kasance a jiki. Kunna, zuba wa bawul ɗin ido minti biyu, sannan ka sa wani mai arha, maɓallin ƙara a ƙasa, ka saurara kafin ka ɗora na kirkin. A wasu na'urori masu irin tsarin taka sabon 6SN7 yakan zo da ɗan gurnani a kunne ɗaya wanda ke lafawa bayan ya yi kwana biyu ko uku yana aiki. In ya wuce haka bai lafa ba, mayar wa mai shi tun kwanakin mayarwa ba su cika ba. Tsohon da ka cire kuma, muddin tabonsa bai yi fari ba, rubuta masa "hagu na ƙara" a kwali ka ajiye, zai yi maka amfani ranar da kake son sanin ko laifin na'ura ne ko na bawul.